Kunnen Ƙasa a Gonar Baba

Gidan Takawa, ƙasar Karofane,
Watan Afrilu, 1968.

Zuwa ga ƙanena Lurwanu,

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga yayarka Jaratu, tare da roƙon Allah Ya sa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da malamanka da mutanen gidan da kake zaune, waɗanda ka ce suna kula da kai kamar ɗansu. Allah Ya saka musu da alheri, Ya tsare ka daga sanyin Kanada, Ya ba ka ilimin dajin da ka je nema, Ya maido mana da kai lafiya. Mu nan muna lafiya, sai zafin bazara da ya kankama. Gwaggo Sauda tana nan da ciwon ƙafarta, ranar da ya sake ta ta zaga gari, ranar da ya riƙe ta kuwa sai zaman tabarma da faɗa da kaji. Mijina Isaka ya dawo daga cin rani kafin babbar Salla, ya rame amma lafiyarsa ƙalau. Ɗiyata Zali ta zubar da haƙoran gaba, ba ta dariya yanzu sai ta rufe baki. Jar akuyarka ta haifi tagwaye, kuma ta gaji halinka, ba ta zama inda aka ɗaure ta.

Bayan haka, ina ƙara yi maka ta'aziyyar Baba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da Inna a gidan rahama. Takardarka ta iso, wadda kake ƙorafi a ciki cewa Kawu Bakari ya sanar da kai rasuwar a taƙaice, ni kuma na yi shiru tun kaka. Kana da gaskiya, amma da gangan na yi. Ka roƙi in ba ka labarin kwanakinsa na ƙarshe, labarin kuwa bai ƙare ranar da aka binne shi ba, sai cikin satin nan, ni kuma ban so in aiko maka da rabi. Da hannuna nake rubutawa, da ɗan abin da na samu a karatun yaƙi da jahilci, don akwai maganar da ba ta kamata ta bi ta kunnen mai rubuta wa mutane takarda ba. In ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri. Kuma ka bi ni sannu, kar ka tsallaka zuwa ƙarshe, don na san ka tun kana yaro, tsakiyar tuwo kake fara ci.

Ka san tsohuwar rijiyarmu ta gindin gawo. Tun shekarar da ka tafi take ja da baya. Bara da rani sai mace ta kafa tulu tun sassafe, rana ta take, ba ta samu abin da ya wuce laka ba. Muka koma kora jakuna Karofane, yini guda don ruwan da ba ya isa wanka. An gwada haƙa wata a yamma da gari, aka ci karo da dutse. An sake gwadawa ta wajen ƙorama, nan ma dutse. Ƙarfin maza ya ƙare, zuciyarsu ta mutu. Gidaje suka fara tashi, kana kwana da maƙwabci ka wayi gari ka ga an kwance rufin ɗaki an ɗora wa raƙumi. Isaka ma ya faɗa mini, ba da faɗa ba, cewa in rani ya sake zagayowa a haka zai kwashe mu zuwa Tamaske wurin 'yan'uwansa. Mai gari Sidi ya tara mutane ya ce saura gwaji ɗaya ya rage a jikinsu, in aka haƙa ba a samu ba shi da kansa zai ba kowa izinin tafiya. Ni dai abin da ke raina shi ne yadda zan bar garin da Inna take kwance, in kuma ja tsoho makaho zuwa baƙon wuri.

Kowa ya zuba wa Baba ido, tunda shi ne ya nuna wurin rijiyoyi da yawa daga nan har Babankatami, kuma ba a taɓa jin ya sa an haƙa banza ba. Amma gwajin nan biyu bai sa baki ba, kuma da aka tambaye shi sai ya ce bai ga komai ba tukuna. Mutane suka ɗauka maganar idonsa yake yi, don yanar ido ta rufe masa gani, ba ya rarrabe fuska sai dai murya. Ka kuma tuna ɗan filin nan na ƙasan gonarsa, a gindin dutse, wanda ba ya shukawa, ba ya nomewa, ba ya barin a ɗaure dabba. Muna yara an ce mana na iskoki ne. Wasu suka ce ragwanci ne na tsufa. Inna kanta ta sha yi masa mita a kai, shi kuma sai ya yi murmushi ya ɗauki butarsa. Kowace damina nakan gan shi can da safe a durƙushe, ina zaton addu'a yake yi.

Ana cikin haka, bayan an gama noman farko, ciwon ƙirji ya kwantar da shi. A kwanakin ne takardarka ta damina ta zo, na zauna bakin gadonsa ina karanta masa da kyar, harafi bayan harafi. Ka ba mu labarin dajin da aka kai ku, mai itatuwan da ganyensu yake kamar allura, ba sa kaɗewa ko ƙanƙara ta rufe ƙasa. Ka ce malaminku ya sa ku rarrafe a bakin dajin kuna neman wani ɗan tsiro da bai kai tsawon yatsa ba, wanda ba a cika samu ba. Ka ce ba ya fure, ba ya 'ya'ya, kara ɗaya ne ya rabu biyu, gefe guda ganye mai yanka-yanka kamar jinjirin wata an jera su bibbiyu, ɗaya gefen kuma ɗan tsinke mai ƙwayoyi ƙanana. Ka ce yakan yi shekaru a ƙarƙashin ƙasa bai leƙo ba, kuma mai tsaye ba ya ganinsa, sai wanda ya sa kuncinsa kusa da ƙasa. Ka ƙara da cewa kai ne ka fara gano shi a cikin 'yan ajinku. Na yi dariya a nan, don na tuna yadda ake fama da kai kafin ka durƙusa ka gaida manya. Da na ɗaga kai sai na ga Baba ya tashi zaune ba tare da an tallafe shi ba. Ya ce in sake karanta wurin, na sake, ya ce in ƙara.

Sannan ya sa na kori Zali waje, na saki labulen ƙofa. Ya ce ashe yaron nan ya ƙetare ruwa da ƙasashe don ya je ya durƙusa gaban ƙanen abin da ke gonar ubansa. Ya ce akwai wani tsiro da maigidansa na sana'a ya nuna masa yana saurayi, suna kiransa kunnen ƙasa, kuma a ƙasar duwatsu irin tamu inda ya fito nan suke sa ran ruwa kusa. A al'adarsu ta mahaƙa ba a nuna shi da yatsa, ba a faɗin sunansa a taro, mutum ɗaya ake ba wa, wanda zai gaji sana'ar. Kai ya ajiye wa. Aka zo aka ɗauke ka lakwal, makarantar boko, ya ce zai jira ka gama. Ka gama aka wuce da kai Yamai, ya ce zai jira. Aka sa ka a jirgi, ya ci gaba da jira, har idon ya tafi. Ya ce tunda Allah Ya ba ka naka rabon ta wata hanya, har ana koya muku shi a fili da rana tsaka, to shi nauyi ya sauka daga kansa, zai ba wanda ke kusa. Na ce ni mace ce, ban taɓa shiga rami ba. Ya ce ba hannuna yake so ba, idona yake so. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi, na kuma ji ciwo, don shekara da shekaru ina kai masa fura a gonar nan bai taɓa tunanin ina da ido ba.

Nan ya warware mini zancen filin. Ya ce shekarar da aka haife ka ya ga tsiron a wurin, sau ɗaya. Ƙa'idarsu kuwa ba a haƙa kan gani ɗaya, sai ya sake fitowa a wuri guda, don gani ɗaya yana iya zama ruwan shekarar ne kawai ya kwanta. Shi ya sa ya hana hauya taɓa wurin, yake zuwa kowace damina yana dubawa. Abin da ya fi damunsa, in ji shi, a shekarun baya-bayan nan bai san ko tsiron ne ba ya fitowa ko shi ne ba ya gani ba. Kuma ba zai ɗora ƙarfin mutane na ƙarshe a kan zato ba, ga shi a ƙasar nan in ka kauce kaɗan sai dutse. Sai ya koya mini alamunsa. Ganye ɗaya ne tak, mai kauri da santsi, girman kunnen ɓera, ba yanka-yanka irin naku. Ba shi da jijiya a tsakiya, in ka shafa ba abin da zai tare maka yatsa. Daga gindin ganyen wani ɗan tsinke yake tashi, kansa da ƙwayoyi jere biyu, kamar zangarniyar hatsi da aka ƙanƙanta. Ba ya fure. Yana fitowa bayan ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, ya yi 'yan kwanaki ya ɓace. Ya ce in je da safe rana tana ƙasa-ƙasa, in kwanta in duba ta gefe, kuma ko na gani kada in tsinke. Muka shirya zan fara zuwa da an sake yin ruwa.

An yi ruwan kuwa, mai kyau, ranar wata Laraba. Washegari ina dama masa kunu, da niyyar in ya sha in tafi, sai muka ji kiɗan gayya daga wajen dutse. Baba ya karkata kai yana saurare, ya tambaye ni gonar wa ake yi wa. Ban sani ba, sai ga Gwaggo Sauda ta shigo tana ɗingishi, fuskarta cike da murna, ta ce Isufu sarkin samari ne ya tara matasan gari kaf, sun ce tsohon da ya shayar da ƙasar nan ba zai kwanta ciyawa ta ci gonarsa ba, za su yi masa maimai, noma na biyu. Sun ɓoye ne don su faranta masa rai. Na ajiye ludayi na fita da gudu ko mayafi ban ɗauka ba. Kafin in kai sun gama nome hatsin, kuma don su cika alherinsu sun faɗa wa filin nan da suke ganin ya gagari tsoho shekara da shekaru. Sun nome shi tas, har 'yan duwatsun da ke ciki sun tsince sun tara gefe. Isufu ya tare ni yana haki, gumi na zuba, ya ce in gaya wa Baba yau ko iskokin sun ga aiki. Na tsaya ina kallon jar ƙasa a juye.

Na koma na faɗa wa Baba. Raina ya ɓaci, na ce bari in je in faɗa musu abin da suka yi. Ya riƙe mini zane ya ce in zauna. Ya ce yaran ba su yi laifi ba, wanda ya rufe baki ba ya tuhumar wanda bai ji ba. Ya sa aka dama fura da yawa, aka yanka zakaran gidan. Da suka zo da hauyoyinsu a kafaɗa ya sa aka fito da shi zaure, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da murya yana kiran sunan uban kowa yana sa albarka. Suka tafi suna jin daɗi. Har yau Isufu bai san komai ba, kuma ina roƙonka in ka dawo kada ka faɗa masa. Bayan sun watse ne Baba ya ce mini hauya kai take yankewa, gindin yana can ƙasa, in Allah Ya so zai sake turowa, in kuma bai so ba sai wata damina. Ni da shi duka mun san ba shi da wata damina, garin ma haka.

Sai ruwa ya ɗauke. Hatsi ya fara murɗe ganye, aka fita roƙon ruwa, jikin Baba kuma kullum ƙara sauka yake. An kawo mai allura daga Buza ya yi masa, ya ɗan ji sauƙin numfashi, amma abinci ya ƙi shiga. Da ruwan ya dawo na shiga zuwa filin kowace safiya. Ka yi tunanin yayarka, uwar ɗiya, kwance rub da ciki a gona tana leƙen ƙasa. Mata masu zuwa itace suka ce 'yan kunne na yar. Da abin ya yi yawa aka ce ciwon uban ne ya taɓa mini kai, wasu suka ce iskokin da aka nome wa gida ne suka kama ni. Gwaggo ta kawo mini hayaƙi da rubutu, na sha don a zauna lafiya. Wata safiya na ga ɗan ganye guda ya leƙo, na manta da gargaɗi na tsinke shi na kawo masa a tafin hannu. Ya shafa sau ɗaya ya ce ciyawar balasa ce jaririya, ga jijiyarta nan a tsakiya ko makaho ya ji. Sannan ya yi mini faɗan da bai taɓa yi mini ba tun ina budurwa, ya ce da shi ne fa, da na kashe gari da hannuna. Na yi kuka a bayan rumbu, na share ido, gobe na koma.

Ranar da na gan shi ba na ma cikin nema sosai. Na gaji, gwiwoyina sun sassale, na kwanta ta gefe kusa da tarin duwatsun da samari suka yi, ina tunanin abin da zan ɗauka da abin da zan bari in za mu Tamaske. Rana ta ɗan taso, haskenta ya bi ƙasa, sai ga wani ɗan abu kore yana sheƙi dab da hancina. Ganye ɗaya, a tsaye, a ɗan naɗe kamar yana saurare, da tsinkensa a gaba. Na duba fure babu. Na sa ƙaramin yatsa na shafa a hankali, santsi har ƙarshe, ba jijiya. Da idona ya saba sai na ga ashe ba shi kaɗai ba ne, akwai 'yan'uwansa kaɗan kewaye, duka a wurin da bai fi faɗin tabarma ba. Na cire ɗankwalina na ɗaura a wani kara nesa kaɗan don kar in ɓata wurin, na taho gida ina tafiya sannu, don in na yi gudu mutane za su biyo ni.

Baba ya ce a kai shi. Gwaggo ta ce sai dai bayan ranta, mutumin da ko zama ba ya iyawa. Ya ce mata ai saboda wannan fitar ce ya kai yau. Na kira Mahaman, tsohon yaronsa na sana'a, wanda yanzu shi ke riƙe da dagi da igiyoyinsa, muka ɗora shi kan jaki, Mahaman na tallafe da shi ni ina ja. A bakin filin ya ce Mahaman ya tsaya nan ya juya baya, Mahaman kuwa ya juya ba musu, don ya san al'ada. Na sauko da shi, ba nauyi ko kaɗan, na durƙusar da shi, na kama yatsansa na kai kan ganyen. Ya shafa daga gindi zuwa sama. Ya bi tsinken yana taɓa ƙwayoyin. Sannan ya sunkuya har gemunsa ya taɓa ƙasa, ya sa leɓensa a kan ganyen, don ya ce yatsan mahaƙi ya yi kanta, leɓe ba ya ƙarya. Ya daɗe a haka har na ji tsoro. Da ya ɗago, ƙasa a goshinsa, ya ce shi ne, kuma a wurin da ya bar shi. Ya yi hamdala. Ya ce in miƙo masa dutse, na ɗauko ɗaya daga tarin samarin, ya kafa shi da hannunsa a gefen tsiron. Sannan ya kira Mahaman ya ce nan za a haƙa, kuma ya sani ba shi ya gani ba, Jaratu ce.

Daga ranar bai sake fita ba. Ya kai kaka, ya ji ana ɗaurin damman hatsi, ya sa aka kawo masa zangarniya ɗaya daga gonarsa ya shafa, ya ce gayyar yaran ta yi albarka. Yana yawan ambatonka. Ya ce in faɗa maka bai yi fushi da tafiyarka ba, da can ya yi, amma takardar nan ta wanke. Ya ce ka riƙe durƙuson da aka koya maka, shi ne rabin sana'ar. Ya cika ranar wata Juma'a da hantsi, kansa a cinyata, Kawu Bakari na yi masa kalmar shahada yana amsawa. Bai sha wuya ba. Ina kewarsa ƙwarai, Lurwanu, har yau in na dama kunu sai na zuba na mutum ɗaya fiye da kima.

Bayan ƙaramar Salla aka fara haƙa. Ba kowa ya yarda ba. Wasu suka ce tsohon ya riga ya ruɗe, makaho da mace mai taɓin kai su ne za su nuna wa gari ruwa. Mai gari Sidi ya tambayi Mahaman me aka gani a wurin, ya ce shi bayansa ya juya, amma maigidansa bai taɓa kafa dutse a banza ba. Da haka aka shiga. Kwanaki suka yi ta wucewa, ƙasa ja, ƙasa fara, tsakuwa, duk a bushe. Ni ke kai musu fura, kuma kowane guga na ƙasa da aka jawo sai na damƙa na ji. Bayan babbar Salla dagi ya yi ƙara a kan dutse. Na ji ƙarar daga bakin ramin. Rabin masu jan igiya suka daina zuwa. Isaka ya fara gyaran mangaloli a tsakar gida. Mahaman ya ce dutsen yana amsawa kamar ba shi da kauri, a ba shi lokaci. Isufu da samarinsa ne suka tsaya masa, suka ce gonar da suka nome ba za su bar ta da rami busasshe ba. Da na ji haka sai da na juya na ɓoye fuskata.

Ranar Litinin da ta wuce, da hantsi, Mahaman ya girgiza igiya, aka jawo guga, na damƙa ƙasar ta manne mini a hannu. Kafin azahar ya fasa sauran dutsen, muka ji muryarsa daga ƙasa yana kabbara. Gari ya taru, har Gwaggo da sandarta. A al'adar mahaƙa ƙoƙon farko na wanda ya nuna wuri ne, ba wanda ke sha kafin shi. Da aka jawo Mahaman, laka har wuya, ƙoƙo a hannunsa, sai kowa ya tuna mai ƙoƙon ba ya nan. Mai gari ya matso yana zaton shi za a ba. Mahaman ya ba shi haƙuri, ya ratsa maza, ya zo bayan taro inda mata suke, ya durƙusa gabana. Ya ce haka maigidansa ya bar masa wasiyya. Na karɓa, na yi bisimilla na sha. Ruwan da sanyi, da ɗanɗanon laka, ba gishiri. Ban shanye ba, na rufe sauran da gefen zanena na kawo gida. Da yamma na tarar Isaka ya mayar da mangalolin cikin rumbu.

Abu ɗaya ne zan faɗa maka wanda ba zai yi maka daɗi ba. Kunnen ƙasar nan ba za ka gan shi ba, don a kansa aka haƙa, haka ƙa'idar take. Abin da Baba ya tsare maka tun haihuwarka ya tafi cikin guga na farko. Amma ƙasarmu ta Adar da faɗi, garuruwa masu ƙishirwa kuma da yawa. In ka dawo cikin damina za mu fita tare, ka nuna mini yadda malamanku suke yi, in nuna maka yadda Baba ya yi. Kafin nan ka rubuto ka faɗa mini ko naku mai kamar jinjirin wata yana da jijiya a tsakiya, kuma in ka sake samunsa kada ka tsinke.

Gwaggo Sauda tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe kunnuwanka. Kawu Bakari da iyalinsa, da Isaka, da mai gari Sidi, da Mahaman, da Isufu, duk suna gaisuwa. Lantana ta gidan liman ta ce in gaishe ka, ta kuma ce kar in ce ita ta ce. Zali ta ce ka zo mata da ƙanƙara. Ka gai da malaminku da ya sa ka rarrafe, ka ce wata mata a Gidan Takawa tana yi masa godiya.

A ƙasan takardar nan za ka ga tabo, inda rubutun ya ɗan jiƙe. Ba kuka na yi ba, kar ka damu. Sauran ruwan ƙoƙon ne na tsoma yatsa na ɗiga maka. Baba ya ce rabinsa naka ne, ni kuma ban san wata hanyar da zan kai maka ba.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka,
Jaratu